Aikin Katako a Lambu Lokacin Bazara: Ta Ina Ruwa Zai Fita?

Dirkar farko da na kafa a lambuna ba ta wuce shekara huɗu a tsaye ba. Na kafa ta ne domin ta ɗauki kusurwar wata 'yar rumfa, kuma ranar da na lura ta fara karkata, na kama ta da hannu ɗaya na girgiza, sai ta tsinke daga gindi ba tare da ta yi wata ƙara ba. Da na kwantar da ita na duba, sai na tarar samanta lafiya lau yake, har ƙusa ba ta shigarsa sai da guduma, kuma ɓangaren da ke can ƙasan rami ma bai lalace sosai ba. Ɓarnar gaba ɗaya ta taru ne a wuri guda, tsawon da bai fi tafin hannu biyu ba, daidai inda katakon ya haɗu da fuskar ƙasa. A nan na danna babban yatsana ya nutse, katakon ya yi duhu, yana marmashewa kamar tsohon soso.

Wannan guntun dirka shi ya sauya mini tunani game da aikin katako a waje. Abin da ke ruɓar da katako wani nau'in fumfuna ne da ke cin jikinsa, kuma yana bukatar danshi da iska a lokaci guda kafin ya yi aiki. Katakon da danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, fumfunar ba ta samun yadda za ta yi da shi; wanda kuma ya nutse cikin ruwa ko laka har iska ba ta isa gare shi, shi ma yana iya daɗewa ƙwarai. Fuskar ƙasa ita ce mahaɗar abubuwan biyu, shi ya sa dirka ke mutuwa a nan. Saboda haka jiƙewa kaɗai ba ta kashe katako, zama a jiƙe ne ke kashe shi. Tun daga lokacin, duk abin da zan ƙera a lambu, ko benci ne ko rumfa ko akwatin shuka, tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce: idan ruwa ya sauka a kan wannan abu, ta ina zai fita, kuma cikin wane lokaci?

Bazara ita ce lokacin da ya fi dacewa da irin wannan aiki, kuma dalilan a fili suke. Katako yana bushe, mai da fenti suna kama jikinsa, ana iya barin kayan aiki a waje na kwanaki, sannan zafin rana da kansa yana nuna wa mutum inda lambunsa ke bukatar inuwa da inda ke bukatar wurin zama. Sai dai bazara tana da yaudara guda ɗaya wadda ba kowa ke lura da ita ba. Katako yana shan danshin iska yana kumbura, yana kuma fitar da shi yana motsewa, kuma wannan motsi a faɗinsa yake faruwa, domin tsawonsa kusan ba ya sauyawa. Falankin da aka jera a tsakiyar zafi yana kan mafi ƙanƙantar faɗinsa ne. Idan aka matse shi da ɗan'uwansa babu rata, to ranar da ruwa ya sauka za su kumbura su ture juna, ɗaya ya ɗaga, wani ya tsage a bakin ƙusa. Akasin haka na faruwa da ɗanyen katako, wanda aka saro kwanan nan ko aka fito da shi daga wurin magani yana nauyi da ruwa: shi idan aka bar masa rata babba, yana bushewa ratar za ta ƙaru. Don haka nakan ɗaga falanki in ji nauyinsa kafin in yanke shawarar ratar da zan bari, kuma duk katakon da na sayo nakan jera shi a inuwa na mako ɗaya ko biyu, da ƙananan sanduna tsakanin kowane jeri domin iska ta ratsa, in kuma ɗora nauyi a kai. Katakon da aka jefar a tsakar rana fuskarsa ɗaya ke bushewa kafin ɗayar, kuma kafin yamma ya lanƙwashe.

Wajen zaɓen katako, abu na farko da ya kamata a sani shi ne gungume ɗaya yana da ɓangare biyu. Akwai zuciyar itace, wadda galibi ta fi duhu kuma ita ce ke ɗauke da sinadaran da ke korar fumfuna da gara, akwai kuma farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, wanda ba shi da wannan kariya ko da itacen mai suna ne. Itatuwa irin su tik da loko da ok da sida duk sun yi suna wajen jure zaman waje, amma sunan na zuciyarsu ne; falankin loko mai farin gefe, gefen nan zai fara tafiya. Na taɓa karɓar irin wannan falanki saboda an rage mini kuɗinsa, kuma cikin shekara biyu gara ta bi farin layin nan ta cinye shi tas ta bar jan wurin a tsaye. Araha ba ta ado, kuma a aikin lambu ba ta ma daɗewa.

Wanda bai samu irin waɗannan itatuwa ba, ko suka fi ƙarfin aljihunsa, yana iya amfani da katako mai taushi da aka dura wa magani a cikin tanki da matsin iska. Wannan ya bambanta ƙwarai da wanda aka tsoma ko aka shafa wa magani a fuska, kuma shi kansa hawa-hawa ne. A tsarin da ake bi a Turai, katakon da zai zauna a waje ba tare da ya taɓa ƙasa ba yana aji na 3, wanda zai shiga ƙasa kuwa yana aji na 4, kuma da ido ba a rarrabe su, sai an tambaya ko an karanta tambarin. Dirka da akwatin shuka aji na 4 suke bukata. Akwai kuma batun irin maganin. Shekaru da yawa ana amfani da wani haɗi da ake kira CCA, mai ɗauke da gubar asenik, har aka janye shi daga ayyukan gidaje a Amurka a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai ma ta taƙaita amfani da shi a 2004. Magungunan da suka maye gurbinsa galibi na tagulla ne. Saboda haka tsohon katako mai launin kore-kore wanda ba a san asalinsa ba, ba na kusantar da shi ga wurin da ake shuka abin ci. Haka ma tsofaffin gungumen layin dogo masu baƙin mai, waɗanda ke tsatso da shi idan rana ta buge su. Kowane irin katako mai magani kuwa ba a ƙona ragowarsa, domin gubar na bin hayaƙi kuma tana zama a toka.

Mutane da yawa suna son kwance katakon da ake ɗora kaya a kai wajen jigila su yi aikin lambu da shi, kuma ban ga laifin hakan ba muddin an duba hatimin da ke jikinsa. Wanda aka rubuta wa HT, zafi aka yi amfani da shi wajen kashe ƙwarin cikinsa, wato an dumama tsakiyarsa zuwa digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30. Wanda aka rubuta wa MB kuwa hayaƙin guba aka yi masa, kuma gara a bar shi. Sai dai a sani cewa zafin nan ƙwari kawai ya kashe, bai ba katakon wata kariya daga ruɓewa ba.

Idan aka tambaye ni aikin da ya kamata mai koyo ya fara da shi, zan ce akwatin shuka, wato fangalin da aka ɗaga aka kewaye da falanki. Yana gyara fasalin lambu nan take, yana hana takawa a kan ƙasar shuka, ruwa ba ya kwanciya a gindin tsiro, kuma yana ba mutum damar zuba ƙasa mai kyau a wurin da ƙasar asali ta gaza. Faɗinsa kada ya wuce santimita 120, saboda hannun mutum yana kaiwa kimanin santimita 60 daga kowane gefe ba tare da ya hau ciki ba. Idan kuma zai jingina da bango ne, to rabin wannan faɗi ya isa. Tsayin santimita 25 zuwa 30 ya wadaci yawancin kayan lambu. Hanyar da ke tsakanin akwati da akwati ta zama baro yana wucewa ta cikinta, domin wanda ya matse hanya zai yi ta ɗaukar taki a bokiti duk shekara.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raina nauyin ƙasa. Akwati mai tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2 da tsayin santimita 30 yana cin ƙasar da ta kusa cika kubik mita guda, kuma idan ta sha ruwa nauyinta ya haura tan ɗaya. Wannan nauyi ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bangon akwatin waje. Akwatina na farko da siririn falanki na yi shi, kuma bayan ban ruwa na 'yan makonni sai dogayen gefunan suka yi ciki, kusurwa ɗaya ta buɗe baki ƙasa na zubowa duk lokacin da na zuba ruwa. Yanzu ba na amfani da falankin da kaurinsa bai kai santimita 4 ba, ina sa guntun dirka a cikin kowace kusurwa in ɗaure falankan biyu a jikinta, sannan in kafa turke a tsakiyar kowane dogon gefe. Dalilin dirkar kusurwa shi ne ƙusar da aka buga a kan falanki, wato ta bi tsawon jijiyarsa, ba ta da riƙo. Wadda ta ratsa jijiyar ta gefe ita ce ke kamawa. Kafin in ɗaure na ƙarshe nakan auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, in auna ɗaya ɓangaren ma. Idan awon biyu ya zo daidai, akwatin ya tsaya sak. Daga ciki nakan lulluɓe bangon da leda mai kauri domin jiƙaƙƙiyar ƙasa kada ta riƙa manne wa katako, amma ƙasan akwatin a buɗe nake barinsa, saboda ruwa ya samu mafita, saiwa kuma ta samu hanyar sauka.

Batun ƙusa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin sau da yawa ita ke fara gazawa kafin katako. Ƙusa mai murɗi ta fi ta bugawa a aikin waje, saboda kumburi da motsewar katako suna zaro ta bugawa sannu a hankali. Ya kamata ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko wadda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, musamman a katako mai maganin tagulla, wanda ke cin baƙin ƙarfe da sauri. A jikin ok kuwa baƙin ƙarfe yana haɗuwa da sinadarin itacen ya bar baƙin tabo mai zirara wanda samfefa ba ta cire shi cikin sauƙi. Tsawon ƙusa ya kai ninki biyu da rabi na kaurin falankin da ake ɗaurewa, kuma kusa da bakin falanki a fara huda rami kafin a murɗa ta, in ba haka ba katakon zai tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke bakin ƙusa ita ce ƙofar da ruwa ke fara bi.

Rumfa ce aikin da na fi so, kuma ita ce ta fi kowane aiki sauya yadda ake zama a lambu lokacin zafi, domin wurin da a da ake ratsawa da sauri sai ya koma wurin da ake yini. Dirka huɗu masu kaurin santimita 10 a kowace fuska, da tsayin da ya bar kimanin mita 2.2 zuwa 2.4 a ƙarƙashin rufi, sun isa rumfa madaidaiciya. Ina ba da shawarar a fi karkata ga mita 2.4 idan za a ɗora tsiro mai yaɗo, saboda rassa da ganye suna saukowa su cinye sararin kai. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, yana da kyau a kwana biyu ana kallon tafiyar inuwa a wurin. Rufin sama yana tare ranar tsaka ne kawai. Ranar la'asar, wadda ta fi ƙuna a fata, ta gefen yamma take shigowa a kwance, kuma abin da ke tare ta shi ne ragar katako da aka tsayar a wannan gefe. Haka kuma sandunan rufin da aka tsayar a kan gefensu sun fi waɗanda aka kwantar ƙarfin ɗaukar nauyi, suna kuma ba da inuwa mai faɗi idan rana ta karkata.

A gindin dirka ne darasin da na fara da shi yake aiki. Hanyar da ta fi kowace ita ce kada katako ya shiga ƙasa sam: a zuba kankare, a dasa takalmin ƙarfe a cikinsa, a ɗaure dirkar a kai ta yadda gindinta zai ɗago santimita biyu ko uku, iska na bi ta ƙarƙashi. Wannan yana kuma sa a ga hanyar gara tun tana fara gini, a rushe ta. Idan dole ne a binne, ramin ya kai aƙalla santimita 60, a zuba tsakuwa a ƙasansa dirkar ta tsaya a kai, sannan a zuba kankare a kewaye, a ɗago samansa ya ɗan fi ƙasa tsayi, a gangarar da shi waje. Abin da na yi a dirkata ta farko shi ne na zuba kankare har ƙarƙashinta, na kuma bar samansa ƙasa da fuskar ƙasa, wato na gina mata kwano. Da katakon ya motse a zafi sai ya bar siririyar rata, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Kuma kada a binne ɓangaren da aka yanka, domin maganin da aka dura ba kullum yake kaiwa tsakiya ba. Yankakken kai ya koma sama, a shafa masa magani, a gitta shi a karkace ko a sa masa hula. Kan katako yana shan ruwa fiye da gefensa nesa ba kusa ba, domin jijiyoyin da a da suke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye a nan suke buɗe baki.

Rumfa mai dirka huɗu da rufi kaɗai tana rangaji, komai kaurin katakonta. Abin da ke tsayar da ita shi ne gajerun tokare da ake gittawa tsakanin dirka da katakon sama a kowace kusurwa, su ba da siffar kusurwa uku. Wannan ya zama wajibi idan dirkokin a kan takalmin ƙarfe suke, haka kuma idan an ɗora inabi ko wani yaɗo mai nauyi, domin rumfar da ganye ya lulluɓe tana tare iska, kuma guguwar farko ce za ta gwada ta.

Benci ba ya bukatar dogon bayani, amma yana bukatar awo na gaskiya. Tsayin wurin zama santimita 43 zuwa 45, zurfinsa kimanin 40 zuwa 45, majinginin kuma ya ɗan kwanta baya kaɗan, domin wanda ya miƙe tsaye cak yana korar mai zama bayan 'yan mintoci. Wurin zama da siraran falanki masu ratar milimita 5 zuwa 8 ya fi na falanki ɗaya mai faɗi, wanda ke lanƙwashewa ya tara ruwa a tsakiyarsa. A goge kaifin gefuna, saboda ƙafar mai zama da kuma saboda mai ba ya zama a kan kaifi. Ƙafafun bencin su tsaya a kan dutse ko bulo. Ragar da tsiro ke hawa ita ma haka: idan za a kafa ta a bango, a bar ratar santimita 5 a bayanta, yaɗo ya samu wurin naɗewa, bangon kuma ya riƙa bushewa. Akwatin haɗa taki shi ne wurin da ya dace a kai ragowar katako marar magani, mita ɗaya a kowane gefe, da rata tsakanin falankai domin iska, da gaba mai zarewa domin juyawa; shi dai an san ruɓewa zai yi tare da abin da ke cikinsa, don haka ba na kashe masa katako mai tsada.

Game da shafe kuwa, ra'ayina ya karkata ga mai mai shiga jiki a kan fenti mai yin fata. Fenti da man sheƙi suna da kyau a shekarar farko, amma katakon waje ba ya daina motsi, kuma da zarar fatar ta tsage ruwa zai shiga ƙarƙashinta ya maƙale, ruɓewa ta ci gaba a ɓoye fuska na sheƙi. Mai kuwa ba ya ɓarewa, dushewa yake yi, kuma sabunta shi wanki ne da sake shafawa. Launin toka da katako ke komawa a rana aikin hasken rana ne a kan siririyar fuskarsa, ba alamar ruɓewa ba ce. Wanda ba ya son launin sai ya zaɓi mai mai ɗan launi a ciki, domin launin ne ke tare hasken. Ba a shafa mai a kan katakon da rana ta gasa, saboda fuskar na bushewa kafin ya shiga, ya bar danƙo. Da sassafe bayan raɓa ta ɗauke, ko da yamma a inuwa, shi ne lokacinsa, kuma ya fi kyau a shafe kowane falanki ta fuskokinsa duka kafin a haɗa, tun da wurin da katako biyu suka haɗu shi ne ke daɗewa a jiƙe, shi ne kuma buroshi ba ya kaiwa daga baya. Tsumman da aka yi aikin man linsid, wani nau'in man shafe katako, da shi kada a dunƙule shi a jefa a kwando: man yana fitar da zafi yayin bushewa, kuma tarin tsumma yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a kan ƙasa, ko a tsoma shi a ruwa.

Rumfar da na sake ginawa a gurbin ta farko a kan takalman ƙarfe take tsaye. Kowace bazara, kafin in taɓa sabon aiki, nakan zagaya ta da sukundireba ina danna gindin kowace dirka da bakin kowace mahaɗa, in share ganyen da ya taru a ratar falankai, sannan in ɗiga ruwa a kan benci: idan ya dunƙule ya tsaya, man bara yana nan, idan katakon ya shanye shi ya yi duhu, lokacin sabon shafe ya yi. A bana dirkoki uku sun amsa da tauri. A ta huɗu na tarar ƙasar fangalin da ke kusa ta gangaro ta cike ratar da ke ƙarƙashin takalmin, gindin katakon ya fara yin sanyi a hannu, sai na kwashe ƙasar da cokalin magina, na ja bakin fangalin baya da taku ɗaya, na zuba tsakuwa a wurin.